Kwamfutar Marayu a Bazara

Mijin yayata ya rasu a ƙarshen sanyi. Ya bar ɗiya huɗu, da gona, da shago ɗaya a Gazawa, kusa da tasha. A cikin shagon akwai tebur biyu, da injin buga takarda, da wata babbar kwamfuta baƙa da yake haɗa bidiyon biki da na suna da ita. Yaya ta shiga takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ɗiyan kuma duk ƙanana ne. Da dangi suka zauna, sai aka ce ni zan riƙe shagon har a raba gado, tunda ni ne nake zama wurin marigayi da rani in an gama aikin gona, har na koyi ɗan abin da na koya. Ranar da aka miƙa mini makulli, kawunmu ya dube ni ya ce, "Ka dai sani dukiyar marayu ce." Ya faɗa, ya kaɗe rigarsa, ya tafi harkarsa. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji, ta ƙi tashi.

Ni mutum ne mai wasi-wasi, tun ina ƙarami. In na kulle shago sai na yi tafiya kaɗan in dawo in ja kwaɗon, wani lokaci sau biyu. A aji shida na bar lakol, wato makarantar boko, Faransanci ina karanta shi ne da yatsa, a hankali. Irin mutumin da aka ɗora wa amanar ke nan.

Wata na farko ba a samu matsala ba. Da bazara ta kama, sai kwamfutar ta fara mutuwa. Da safe lafiya lau take aiki. In rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, sai fankar cikinta ta riƙa kuka kamar injin niƙa, can sai allo ya yi baƙi ɗif, aikin da na yi awa biyu ina haɗawa ya tafi. Marigayi ya taɓa nuna mini wata 'yar lamba a kusurwar allon, ya ce ita ke faɗin zafin jikinta. Na koma ba na kallon bidiyon da nake haɗawa, lambar nake kallo. Ina kallo tana hawa. Ta wuce tamanin, ta wuce casa'in, sai duhu.

Na janye ta daga jikin bango. Na juya mata fankar shago, ni na zauna cikin zufa. Na jiƙa buhu na rataya a taga yadda muke yi wa randa. Duk bai hana ba. Daga ƙarshe na kira mai gyaran da marigayi ya rubuta lambarsa da alli a bayan ƙofa, wani mutum a Maradi. Ya ce zafi ne, kuma duk mutuwar da take yi tana rage mata kwana, wata rana za ta mutu ta ƙi tashi. Ya ce in kawo ta. Na tuno motocin da ke zuwa Maradi, da buhunan wake, da awaki a saman kaya, da ramukan hanya, na ce masa ba zan iya ba.

"To ai marigayi ya saya mata kayan sanyaya na ruwa," in ji shi. "Ni na kawo masa daga Kano kafin ya kwanta. Duba shagon, suna nan. Ba wuya, akwai hotuna a takardar."

Suna nan kuwa, ƙarƙashin tebur, bayan damman takardu, cikin kwali ko buɗe shi ba a yi ba. Na buɗe na tarar da wani ƙarfe baƙi mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, mai ƙananan haƙora jere, da fanka biyu, da tiyo biyu da suka fita daga jikinsa suka shiga wani dunƙule kamar gwangwanin tumatir. Da na girgiza shi kusa da kunne, na ji motsin ruwa a ciki. Na ajiye shi da sauri. Ruwa a cikin kwamfuta? Ni da ko shayi ba na yarda a sha kusa da teburin?

Kwana uku ina kai da kawowa. In ban sa ba, zafi ya kashe ta a hannuna. In na sa, ruwa ya zuba, ni na kashe ta da hannuna. Ga wata damuwar kuma: kwalin nan yana cikin gado, ba a raba ba, ina ni ina taɓa shi? Na je wurin limamin unguwarmu bayan la'asar na zayyana masa. Ya saurare ni har na gama, ya ce gyaran dukiyar maraya da abin da ke cikin dukiyar ba laifi ba ne, in an yi shi da kyakkyawar niyya da kiyayewa. Kalmar kiyayewa ita kaɗai na ɗauko na taho da ita. Daga nan na biya wurin Yaya. Tana zaune a ɗaki kan tabarma, da carbi a hannu.

"Yaya, akwai wani kaya da ya saya wa kwamfutar."

"To a sa mata mana."

"Ruwa ne a ciki."

"Auta, ni mi na sani a ruwa ko wuta? Don ita ya saya. Ka sa mata."

Duk da haka sai da na shimfiɗa farar takarda a kan tebur, na ɗora kayan a kai yini guda, ina ɗagawa ina duba ko ɗigo ya fito. Bai fito ba. Na juya shi ɗaya gefen, na ƙara masa wani yinin.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, bakanike ne a garejin bayan tasha. A al'ada ni ne ubangijinsa, shi ɗan mace, amma tun muna yara shi ke juya ni. Shi na kira ya taya ni, don hannunsa ba ya rawa. Ya zo da safe ranar kasuwa, da baƙin mai har gwiwar hannu. Na tare shi a ƙofa da buta da sabulu.

"Wanke hannu tukuna, bawa."

"Kai, Malam Wasi-wasi, tiyata za mu yi?"

Ya wanke. Na ce ya ƙara. Ya ƙara yana zagina. Da ya shigo ya ga kayan, sai ya fashe da dariya.

"Wannan ne ya hana ka cin tuwo? Lagireto ne fa. Lagireton mota ne aka yi wa ƙarami. Ga famfo, ga tiyo, ga fanka." Ya jujjuya shi, ya duba sama da ƙasa. "To ina murfin? Ta ina ake ƙara ruwa?"

"Ba a ƙarawa. Mai gyara ya ce a rufe yake."

"Lagireto babu murfi, a bazarar Gazawa? Bari in ɗan kwance nan mu gani."

Na fizge shi daga hannunsa, na rungume. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Na kashe wuta, na zare waya daga bango, na sake dubawa na tabbata na zare. Muka kwantar da kwamfutar a kan tebur, muka cire murfin gefe. Ban taɓa ganin cikinta ba sai ranar. Tsohuwar fankar tana tsakiya, a kan wani ƙarfe mai haƙora da ƙasa ta toshe shi kamar gidan zanzaro. Kafin a cire kowace waya sai na ɗauki hotonta da wayata. Kusoshin da muka kwance na jera su a murfin kwano, kowane iri da gefensa. Da fankar ta fita, sai ga abin da duk wahalar nan take kansa: wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai akwatin ashana ba, da busasshen man toka-toka a kansa. Mai gyara ya ce mini shi ne ƙwaƙwalwar, shi ke yin zafin. Na goge shi da auduga da alkol da na sayo a famasi, a hankali, kamar ina wanke ciwo.

Taubashi ya ɗaura lagireton a gaban akwatin, ramukan suka zo daidai, abin da na kwana biyu ina tsoron ba za su yi ba. Kusoshin iri biyu ne, dogaye da gajeru. Ya ɗauki dogo zai ɗaura, na ce ya tsaya, na buɗe takardar ina bin hoton da yatsa. Rubutun cikinta Ingilishi ne da wani mai kama da tafiyar kaza, ba Faransanci ko layi ɗaya, amma hoton ya nuna gajere. Da dogon ya shiga, da ya huda lagireton.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani, ubangijina. Yau wasi-wasi ya yi rana."

Muka ɗaura fanka biyun, muka sa wani ƙarfe mai ƙafa huɗu ta bayan allon wayoyin, inda famfon zai zauna. Saura abu ɗaya, a shafa sabon mai a kan ƙwaƙwalwar, a kifa dunƙulen famfon a kai, a ɗaure. Daidai nan aka aiko daga gareji, wai motar Tasawa ta mutu da fasinja a ciki, direba yana ta zage-zage. Taubashi ya miƙe.

"Ƙarasa, ba komi ba ne. Kusa huɗu. Ka ɗaure su giciye, kamar tayar mota, kada ka gama da ɗaya ka bar sauran. Kuma kada ka matse har ka karya, na san ka."

Ya fita, ya bar ni da ita.

Man yana cikin wani ɗan sirinji da ya zo tare da kayan. Hoton ya nuna ɗigo kamar ƙwayar wake. Na matsa daidai haka, na rufe sauran, na maida kwali. Sannan na juyo da dunƙulen. Ƙasansa jan ƙarfe ne, sumul, yana sheƙi, an manna masa leda siririya da jan rubutu a jiki, da ɗan kunne a gefe.

Na daɗe ina kallon ledar nan. A garinmu ba a ɓare wa sabon abu leda. Wanda ya sayi babur yakan yi shekara da leda a sirdi, har sai ta yayyage da kanta. Katifar amarya da ledarta ake kai ta, da ledarta ake kwana a kai. Rediyo, agogon bango, wayar hannu, duk haka. Abu in yana da ledarsa sabo ne, in an ɓare ya zama na hannu, ko da jiya aka saye shi. Shi kansa marigayi, allon kwamfutar nan da ledarsa a gefe-gefe ya mutu ya bari. Sai na ce a raina, wannan kaya na marayu ne. Gobe in an zo rabon gado aka buɗe, gara a tarar da shi yadda ubansu ya saye shi. Liman ya ce a yi da kiyayewa, to ga kiyayewa. Ga kuma jan rubutu, ni a sanina duk inda aka yi rubutu da ja, cewa ake kada a taɓa. Kuma leda ce siririya, ba ta kai fatar albasa ba, me za ta tare?

Har na kama ɗan kunnen da farce, na sake shi. Na kifa dunƙulen da ledarsa a kan man, na ɗaure kusoshin giciye, kaɗan-kaɗan, ina zagayawa. Na soka wayar famfon a ramin da tsohuwar fanka ta fito, na duba hoton wayata sau uku. Na yi bisimilla na kunna.

Ta tashi. Fanka biyun suka juya shiru, babu kukan nan na da. Na ji ɗan ƙululu a cikin tiyo, sai ya lafa. Na leƙa da tocila, babu ɗigo. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har mai ƙosan da ke ƙofar shago ta leƙo ta ce lafiya. Na buɗe bidiyon wani suna da aka daɗe ana jira, na sa shi aiki, na kai ido kan lambar.

Ba hawa ta yi ba, tsalle ta yi. Sittin, tamanin, casa'in da biyar. Kafin in kai hannu allo ya yi baƙi. Ko hantsi bai gama ba, rana ba ta ma fara zafi ba. Da tsohuwar fanka takan kai azahar.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi damuna har yau. Na sake kunna ta. Ta mutu. Na jira kaɗan, na sake kunnawa, ina cewa ko ruwan ne bai gama zagayawa ba. Ta sake mutuwa, wannan karon tun kafin in buɗe komai. Sau uku ke nan, ni da aka gaya wa kowace mutuwa tana rage mata kwana. Na kai hanci kusa da akwatin, na ji kamar ɗan ƙauri, ko kuwa hancina ne ya ƙirƙiro shi, ban sani ba. Na zare waya, na lulluɓe ta da zane, na kulle shagon.

Kwana biyu ban buɗe ba. Ban kuma zauna wuri ɗaya ba. In tafi gona, alhali babu abin yi a gona da bazara sai kallon kututturan gero, in dawo. In nufi gareji, in hango taubashi a ƙarƙashin mota, in juya. In ɗauko waya zan kira Maradi, in tuna zai tambaye ni sau nawa na kunna, in maida ita aljihu. Hanyar gidan Yaya na daina bi, na koma zagayawa ta bayan makarantar allo ko da ya fi nisa. A salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Matata ta ajiye mini fura, ta dawo ta tarar da ita yadda ta bari.

"Wai mi ke damunka? Ko wani ya mutu ba a gaya mini ba?"

"Ba kowa."

"To zauna mana. Tun safe kake shiga da fita kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Na zauna. Ban kai minti biyar ba na miƙe. A cikin kaina ina ta bin aikin daga farko: kusoshi, wayoyi, mai, fanka. Na zargi famfon, na zargi mai gyara, na zargi Kano da wanda ya sayar. Na zargi taubashi da ya jujjuya kayan. Ledar kuwa ko sau ɗaya ba ta zo mini a matsayin laifi ba. In ma ta faɗo mini, sai in ji ita ce abu ɗaya da na yi daidai. Abin da nake gani kawai shi ne ranar rabon gado, kawu yana zaune, an ce a kawo kwamfuta, ni kuma ina ɗauko baƙin akwati da ba ya tashi, ɗiyan Yaya suna kallona.

A rana ta uku taubashi ya same ni da kansa, ina tsaye a ƙofar shagon da makulli a hannu, na kasa buɗewa na kasa tafiya.

"Ubangijina, an ce ka rufe kanti ka shiga takaba kai ma."

Ban yi dariya ba. Ya dube ni, ya karɓi makullin ya buɗe. Na gaya masa abin da ya faru, na ce sau biyu na kunna. Sai na ji ba zan iya ba, na ce sau uku ne.

"Kunna mu gani."

"Ba zan kunna ba. In ta mutu ta huɗu fa?"

"To ni in kunna, laifin ya hau kan bawa."

Ya cire murfin gefe, ya kunna. Na juya baya, sai na kasa, na juyo. Ta tashi. Ya ɗora yatsa a kan dunƙulen ya ce famfo yana aiki, yana jin motsinsa. Ya kama tiyo ɗaya, ya kama ɗayan. Ya shafa bayan hannu a jikin lagireton. Lambar tana ta gudu, ina kiran ta da baki, tamanin, tamanin da takwas. Ya kai hannu ya kashe da kansa kafin ta kai.

"Taɓa nan," ya ce.

Na taɓa lagireton. Sanyi ƙalau.

"Ai da sanyi," na ce. "Yana aiki ke nan."

"Kai dai an yi asarar kuɗin alli. Mota in tana tafasa, ka taɓa lagireto ka ji shi da sanyi, ai ka san zafin bai isowa wurinshi. Injin na cin wuta shi kaɗai, ruwa na ta yawonshi a banza. Akwai abin da ya shiga tsakani. Mi ka sa a ƙarƙashin nan?"

"Mai. Kamar ƙwayar wake, yadda aka zana."

"Sai mi?"

"Ba komi. Ban ƙara komi ba, ban kuma rage komi ba. Ko ledar ban taɓa ba."

Ya ɗago kai a hankali. "Wace leda?"

Na faɗa masa, har da dalilina, da maganar gado, da abin da liman ya ce. Ina faɗa ina jin maganar tana lalacewa a bakina. Na yi zaton zai yi dariya. Bai yi ba tukuna. Ya ɗauki turnabis ya kwance kusoshi huɗun, ya ɗaga dunƙulen. Ga ledar nan, ta yamutse a tsakiya, man ya dame a jikinta, jan rubutun ya dushe. Ya miƙo mini.

"Ɓare da hannunka."

"Tsaya in kira Maradi in tambaya."

"Ɓare, ko in ɓare ka."

Duk da haka na kira. Mai gyara ya ce jan rubutun cewa yake a cire kafin a sa. Ya ce ba ni ne farko ba. Ya tambaya ko akwai sauran mai, don wanda aka shafa ya lalace, kuma a Gazawa ba ya jin za a samu. Na ce akwai, na rufe na ajiye. Na kama ɗan kunnen na ja, ledar ta fita ba gardama. Sai a lokacin taubashi ya zauna a kan benci ya yi dariyar da yake riƙewa, har da hawaye.

"Wayyo Allah, gwaggo ta haifa, kawu ma ya haifa! Ka sa wa injin riga a bazara don kada ya tsufa! Gobe in ka sayi allura a famasi, ka ce a yi maka ita da kwalinta."

Na bar shi yana yi. Na sake goge ƙwaƙwalwar da alkol, na goge jan ƙarfen, na matsa sauran man. Ban ba shi turnabis ɗin ba. Na ɗaure giciye. Lokacin rana ta take sosai, kwanon rufi yana ƙara, irin lokacin da take mutuwa. Na kunna, na buɗe bidiyon sunan nan, na sa shi aiki.

Arba'in da biyar. Hamsin. Hamsin da takwas. Sittin da biyu. Ta tsaya nan, ta ɗan sauka, ta ɗan hau. Na kama tiyo, na ji ɗumi yana bi ta cikinsa. Na taɓa lagireton, da ɗumi, iskar da fanka ke fitarwa ma da ɗumi. Na riƙe, na ƙi saki.

"To ko ta riga ta samu lahani a ciki?" na ce. "Sau huɗu fa."

"Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Ta tashi. Amma bari in kashe ta ta huta."

Ya buge mini hannu. "Aikin nan awa nawa zai ci?"

"Kamar biyu."

"To fita. In ka tsaya a kanta kashe ta za ka yi ta yi, ba za ka taɓa sanin ko ta warke ba."

Ya tura ni waje, ya ja ƙofa, ya datse kwaɗon, ya danƙa mini makulli, ya koma garejinsa yana ba masu shayi labari tun kafin ya isa.

Ban san inda zan sa kaina ba, sai ƙafata ta kai ni gidan Yaya, ta hanyar da na kwana biyu ina gudu. Na riga na yanke shawara a hanya. Na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, na faɗa mata komai, ledar, da kunnawa huɗu, da rufe shagon. Na ce mai yiwuwa na rage wa kwamfutar kwana, kuma ba wanda zai iya faɗin nawa. Na ajiye makullin a gefen tabarmarta, na ce a nemi wani a dangi wanda ya fi ni kai.

Ta ƙarasa jan carbinta kafin ta yi magana.

"Mai ƙosai ta aiko mini tun shekaranjiya cewa shago a rufe yake. Na ce a ƙyale ka, in ka gama zagaye garin za ka zo." Ta dubi makullin, ba ta taɓa shi ba. "Ta ƙone?"

"Ba ta ƙone ba."

"Yanzu tana ina?"

"Tana shago, tana aiki."

"A kunne ka baro ta?"

"A kunne."

"Ka kulle ta a ciki, ka kawo mini makulli, ni da ba ni fita. To wa zai je ya kashe ta, Auta? Ni ko marigayi?"

Na zabura. Na ɗauki makullin, na fito, na manta takalmina ɗaya sai da na koma. Tafiyar da na fara ta koma sassarfa tun kafin in kai kwanar tasha, masu kabu-kabu suna tambayata ko gobara ce. Kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai a karo na biyu. Na tura ƙofa, zafin shagon ya buge ni a fuska, allon yana nan da haskensa, aikin ya wuce rabi, lambar tana sittin da huɗu. Na durƙusa na leƙa ƙasan akwatin da tocila ko akwai ɗigo. Babu. Na jawo benci kusa, na zauna, na kira masu sunan na ce su zo bayan la'asar su karɓi bidiyonsu.